Takalmin da Gidaɗo Ya Zaɓa

A Ƙofar Durbi, in ka ce Gidaɗo mai hawan dutse, kowa zai nuna maka gidan. Ɗaki biyu yake haya a wani lungu bayan masu sayar da itace, shi da matarsa Furera da 'ya'yansu mata. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, ba don tsufa ba sai don dakon da bayansa ya sha. Ba shi da yawan magana. In ma zai yi, sai ya fara waiwayawa tukuna.

Ba a birni aka haife shi ba. A wata ruga ya tashi can yamma da Katsina, inda duwatsu suke zube kamar garken giwaye ya kwanta hutawa. Tun yana ƙarami yake bin awaki bisa falalen dutse, har ƙafarsa ta san dutse fiye da yadda ta san tabarma. Wata damina ɓarayi suka kore shanun mahaifinsa kakaf. Tsohon bai ƙara lafiya ba, kafin kaka ya rasu. Gidaɗo ya kwaso iyalinsa suka raɓa a gefen Batagarawa yana ƙwadago a gonakin mutane, daga baya ya shigo birni ya kama gadi a wani shagon siminti. A nan wani ɗan kwangila ya gan shi yana sauke buhuna, ya tambaye shi ko yana tsoron hawa bisa. Ya ce a'a.

Aikin kuwa shi ne kula da ƙarafan sabis, dogayen ƙarafan nan da ke sa waya ta yi magana. Na cikin gari ba su da wuya, mota ke kai musu mai har gindi. Amma akwai waɗanda aka kafa bisa duwatsu a ƙauyuka, inda mota ba ta hawa, babur ma sai ya tsaya a ƙasa. Su kam sai mutum ya saɓa jarkar gas ko batir a kafaɗa ya hau da ƙafarsa, injiniya na biye da shi. Rani da damina ba hutu, don injin da ke ba su wuta bai san azumi ba, bai san Sallah ba.

A shekarun farko dutse kaɗai yake tsoro, shi kuwa tsoro ne mai magani. In bazara ta yi, dutse kan ɗauki zafi har takalmin roba ya riƙa mannewa, sai ya nemi mai kaurin tafi, ya naɗe gorar ruwansa da jiƙaƙƙen buhu. Ba ya shafa turare ranar hawa, saboda ƙudan zuman da ke cikin tsagar duwatsu ba su son ƙamshi. In damina ta sauka, gansakuka kan rufe dutse ya yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Lokacin rigar ruwa ke nan, amma ban da lema, don wanda ya ɗaga ƙarfe a bisa dutse hadari na tasowa, shi ya kira aradu da bakinsa. Da sanyi kuwa iskar can bisa har ƙashi take shiga, sai Furera ta shafe masa ƙafa da man kaɗanya saboda faso, ya haɗa safa biyu, ya ɗora wata tsohuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Sandarsa ta kiwo da malafarsa kuwa ba ya rabuwa da su ko wane lokaci ne. Da ɗan kwangilar ya raba musu kayan aiki, baƙin takalmin but mai dogon wuya da jakar goyo mai launin ganye da hular kwano, Gidaɗo ya yi murna har ya sa but ɗin ya je masallacin Juma'a da shi.

Sai daji ya lalace.

Tun ana jin labarin 'yan bindiga daga nesa, har abin ya zo gindin duwatsun da yake hawa. Wata rana a tasha ya ji ana ba da labarin wani mai gyaran famfo da suka tare a hanya, suka ga but a ƙafarsa, suka ce soja ne ya ɓad da kama. Ba a tsinci gawarsa ba sai da ungulu suka nuna wurin. Gidaɗo bai san mutumin ba, bai ma san ko haka abin ya faru ba, amma da ya koma gida ya tura but ɗinsa can ƙarƙashin gado. Ba a jima ba kuma, 'yan sa-kai, wato mutanen ƙauye da suka ɗauki makami don kare garuruwansu, suka sauke shi daga mota a wani shinge. Ba abin da suka gani sai sanda da malafa da dogon hanci. Suka zaunar da shi a rana suna tambayarsa ina 'yan'uwansa suke kwana, sai da ɗan kwangilar ya yi ta kiran waya kafin a sake shi. Ranar nan ya jingine sandar a bayan ƙyaure, ya rataye malafar a ƙusa.

Tun daga nan zaɓen kayan hawa ya zame masa ciwon kai. Kaya ne ake so su riƙe dutse, kada na daji su gan shi su ce soja ne, kada na gari su gan shi su ce ɗan daji ne.

Wurin Babaji yake zuwa, wani Babarbare mai rumfar gwanjo a babbar kasuwa, wanda ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Bawana ya iso," in ji Babaji. "Yau kuma mi za a ba ka? Ko shanun ne suka aiko ka sayen riga?"

"Ubangidanka dai," in ji Gidaɗo. "Jaka nake so."

Babaji ya zazzago masa jakunkunan goyo masu ƙarfi, irin na Turawa masu yawon duwatsu, masu ɗamara a ƙugu da aljihu ko'ina. Gidaɗo ya shafa su, ransa na so, amma duk ya ture. Irinsu ne aka ce ana zuba harsashi. Ƙarshe jakar makaranta ya ɗauka, ta 'yan mata, ruwan hoda, da zanen mage a bayanta. Babaji ya yi dariya har da hawaye. Gidaɗo bai yi ba. A madadin sanda ya samu guntun farin fayif na ruwa, a madadin malafa ya sayi hana-salla mai wani rubutu da bai san abin da yake cewa ba. Haka ya riƙa hawa, ƙato da jakar mage, rana na dukan ƙeyarsa, fayif na lanƙwashewa duk lokacin da ya dogara shi.

A tsakiyar wata damina aka haɗa shi da sabon injiniya, Yazid. Ɗan birni ne, bai daɗe da gama karatu ba, mai fara'a da ladabi. Bai taɓa hawa dutse ba. Da aka ce za su je Dutsen Maikurciya, inda sabis ya ɗauke tun makon jiya, shi da kansa ya biyo Gidaɗo har gida da yamma, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan sama, sannan ya buɗe leda ya nuna masa sabon but ɗin da aka ba shi.

"Baba Gidaɗo, kai ka san wurin. Mi zan sa, mi zan bari?"

Gidaɗo ya dubi but ɗin yana ƙyalli, baƙi wuluk. Ya ce, "Injiniya, gobe mu haɗu kasuwa."

A rumfar Babaji suka zaɓi rigar ruwa shuɗiya, da wando mai kauri wanda ba ruwan ganye ba, da safa. Da aka zo kan takalmi, Yazid ya dubi Gidaɗo.

"Amma Baba, an koya mana but ne ke kare ƙafa daga sara. Damina ce fa."

"Maciji in ya ji motsi gudu yake," in ji Gidaɗo, ya waiwaya ya rage murya. "Waɗancan in sun ji motsi tahowa suke."

Babaji ya tona cikin dila ya zaro wani but ruwan ƙasa, tsoho, wuyansa ya rufe idon sawu. "To wanga fa? Ba baƙi ba ne. Ko makaho ya san ba na soja ba ne."

Gidaɗo ya karɓa ya juya shi. Fata ce mai kyau, tafin na da haƙora, irin takalmin da dutse ke so. Ya daɗe riƙe da shi. Sai mai gyaran famfon nan ya faɗo masa a rai, mutumin da bai taɓa gani ba.

"Daga nesa but duk but ne," ya ce, ya ajiye.

Ya ɗauko wani kambas shuɗi mai kaurin tafi, wanda bakinsa ya tsaya ƙasa da idon sawu. Yazid ya gwada, ya yi masa daidai, ya yi tsalle a ciki yana dariya.

Da safe Furera ta ɗaure masa dambu a leda ta sa cikin jakar. Ba ta taɓa cewa kada ya tafi ba, amma kullum sai ta bi shi har zaure tana gyara masa abin da ba ya bukatar gyara.

"Malam, in ka ga hadari ka sauko."

"To."

"In ka ji babura kada ka tsaya dubawa."

"To, na ji."

Motar aiki ta ajiye su a ƙauyen da ke kusa da dutsen, don direba ya ce shi daga nan ba ya ƙara taku. Suka ci ɗanwake wurin Lami, wata dattijuwa mai sayar da abinci a bakin kasuwar ƙauyen, inda Gidaɗo ya saba tsayawa. Ɗan acaɓa ya kwashe su da jarkar gas har gindin dutsen, ya ce zai jira su a inuwar wata tsamiya.

An yi ruwa jiya, dutsen na ta naso. Gidaɗo na gaba da jarka a kafaɗa, yana nuna wa Yazid inda zai taka: baƙin wuri santsi ne, farin wuri shi ne busasshe. Kambas ɗin ya riƙe dutse sosai, ko sau ɗaya Yazid bai zame ba. Yana haki yana cewa, "Baba, wallahi ka iya zaɓe." Suka isa bisa da hantsi. Gero ya rufe ƙasa kore shar har iyakar gani, amma da yawan gonakin ciyawa ce ta cinye su, masu su sun gudu. Gidaɗo ya ɗura mai, Yazid ya buɗe akwatin ƙarfe ya yi ta fama da wayoyi, har injin ya tashi, fitilu suka kama. Suka yi sallar azahar a nan, suka ci dambu.

Wajen saukowa ne abin ya faru. Akwai wani wuri da hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, ciyawa ta tsiro a tsagar. Gidaɗo ya wuce lafiya. Yana gaba kaɗan ya ji wani sauti kamar an jefa albasa cikin mai mai zafi, sai kuma Yazid ya ce, "Wash! Ƙaya ta soke ni."

Gidaɗo ya juyo. Ya ga abin yana janyewa cikin tsaga, ɗan gajere, mai zane-zane ruwan ƙasa. Kububuwa ce. Ya san ta tun yana kiwo, ita ta kashe ƙanen mahaifiyarsa. Ya dubi ƙafar Yazid. Ɗigon jini biyu ne a kan safa, daidai idon sawu, sama kaɗan da inda kambas ɗin ya ƙare.

Ya zaunar da Yazid, ya cire masa takalmin da safar, ya ce kada ya motsa ƙafar.

"Maciji ne ko, Baba?"

"Ƙarami ne. Za mu je asibiti a yi maka allura."

Yazid ya ciro waya. Ga sabis ya cika, na hannunsu. Ya kira direba, direba ya ce zai jira su a ƙauye da mota a kunne. Ya kira ɗan acaɓa, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Gidaɗo ya yar da jarkar da fayif ɗin, ya maido jakar mage ƙirjinsa, ya durƙusa. "Hau."

Sauka da mutum a baya bisa jiƙaƙƙen dutse ba abin da za a yi wa maƙiyi fata ba ne. Wani wurin da gindi ya ja, wani wurin da baya-baya, yana laluben dutse da yatsun hannu. Yana jin numfashin Yazid a wuyansa, yana jin ƙafar da ke lilo a gefensa tana ƙara zafi. Suna tsakiyar gangara ya ji ƙarar da ya fi tsoro a duniya. Babura ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna tahowa daga yamma ta cikin gonaki. Ƙarar ta matso, ta matso, ta zo gindin dutsen ta mutu.

Ya tsaya cak a bayan wani dutse. Nan ya gane dalilin da ɗan acaɓa bai ɗauki waya ba, ya gudu ne. Hanyar sauka ɗaya ce, kuma a gindin tsamiyar take ƙarewa. Suna iya laɓewa har mutanen su tafi, ko da la'asar, ko gobe. Ya sauke Yazid ya duba ƙafar. Ta kumbura har ƙwauri, tana sheƙi. Yazid ya yi tofi, sai ga yawun ja. Ya dubi yawun, ya dubi Gidaɗo.

"Baba, daga ina jinin nan?"

"Ka ciji leɓe ne," in ji Gidaɗo. Ya san ba haka ba ne. Haka ƙanen mahaifiyarsa ya fara, ta dasashi.

Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya sake goya shi, ya fito fili.

Suna zaune bisa baburansu a inuwar tsamiyar, wasu a ƙasa, bindigogi kwance a cinya. Samari ne, wasu ko gemu ba su yi ba, fuskoki naɗe da rawani. Suna ganinsa bindigogin suka tashi gaba ɗaya. Gidaɗo ya yi sallama da ƙarfi, muryarsa ta fito siririya kamar ba tasa ba. Wani ya daka masa tsawa ya tsaya. Ya tsaya.

Wani mai jan rawani, da alama shi ne babbansu, ya sauko daga babur ya zagaya su. Ya dubi fuskar Gidaɗo ya yi masa magana da Fillanci, ya tambaye shi ko su wane ne. Gidaɗo ya amsa da harshen da ya daɗe bai yi a bainar jama'a ba. Ya ce masu gyaran sabis ne, wannan maciji ya sare shi, asibiti za su.

"Ku ne ke kashe muna sabis?"

"Mu ne ke gyarawa. Yanzu muka tayar."

Mutumin ya zaro waya daga aljihu ya ɗaga ta sama ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Gidaɗo na kallon bakin wata bindiga da ke saitin cikinsa, mai riƙe da ita na wasa da yatsa. Sai mai jan rawanin ya nuna wa na kusa da shi wayar, suka yi dariya. Wani ya fizge jakar mage daga ƙirjin Gidaɗo, ya zazzage, ya kwashe sauran dambun, ya rataya jakar a ƙahon babur. Suka lalube su suka ɗauke wayoyinsu. Suka yi ta gardama a tsakaninsu ko a tafi da injiniyan, ɗan birni ne, mutanensa za su neme shi. Mai jan rawanin ya ɗaga kan Yazid da bakin bindiga, ya ga jinin da ke bin haɓarsa.

"Wanga ai gawa ce. Wa zai yi dakon gawa?" Ya tofar da yawu. "Ku wuce."

Tun da suka tsaya har aka sallame su, ba wanda ya dubi ƙafar kowa. Gidaɗo ya lura da wannan, don shi idonsa na kan nasu. Biyu daga cikinsu ma but ne a ƙafarsu, sauran silifas.

Ya juya musu baya ya kama hanya. Wannan tafiyar ta fi tsayuwar muni. Kowane taku jira yake ya ji ƙara. Bai waiwaya ba, bai yi gudu ba, sai da gero ya rufe su sannan ya fara sassarfa, laka na kama masa ƙafa, Yazid na ƙara nauyi. Yana tafiya yana kiran sunansa don kada ya yi shiru.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ina gidanku yake ma?"

Ya faɗa. Bayan ɗan lokaci ya sake tambayarsa, ya sake faɗa, muryar na raguwa.

Ɗan acaɓa ya riga ya kai labari ƙauye cewa mahara sun iso gindin dutse. An rufe kasuwa, 'yan sa-kai sun fito bakin gari da bindigogin toka da adduna. Sai ga Bafillace ya ɓullo daga cikin gero, daga inda baburan suke, jini a kafaɗarsa, da mutum a baya. Kafin ya buɗe baki an kewaye shi. Aka janye Yazid, aka kwantar da Gidaɗo rubda ciki, wani ya take masa wuya.

"Yaya aka yi suka bar ka? Faɗi!"

"Ina shaidarka ta aiki?"

Tana cikin jakar da aka ƙwace. Ya yi ƙoƙarin faɗa, laka ta cika masa baki. Ya ji wani na cewa ɗan leƙen asiri ne, shi ya kai musu injiniyan. Ya ji ƙarar adda ana zaro ta daga kube. A nan ne ya tuna da 'ya'yansa, ya rufe ido ya fara kalmar shahada.

Muryar Lami ce ta ratsa taron. Ta fito da ludayi a hannu, ko mayafi babu.

"Ku ji tsoron Allah! Wanga mai jakar mage ne! Shekara nawa yana cin ɗanwakena? Ɗazu da safe nan ya zauna, kai Kabiru ba kana wurin ba?"

Wanda ta kira Kabiru, shi ne mai ƙafa a wuyan Gidaɗo, ya ɗan sassauta. Sai Yazid, da ke jingine jikin wani, ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Shi ya goyo ni," ya ce. "Maciji ne. Don Allah mota."

Aka ɗaga Gidaɗo. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai jira ba. Direban ya taho da mota, aka shimfiɗa Yazid a baya, kansa bisa cinyar Gidaɗo. Har suka shigo Katsina yana share masa jini da hana-sallarsa.

An samu allurar maciji a asibiti, aka yi masa, aka ƙara masa jini. Kwanaki ƙafar na kamar turmi, likita ba ya cewa komai sai a yi addu'a. Gidaɗo ya je gida ya yi wanka, Furera ta ga sawun takalmi a wuyansa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Ya koma asibitin. Kullum yana can a baranda, nesa da dangin Yazid, in sun fito ya miƙe ya gaishe su. Tsoronsa biyu ne. Kada yaron mutane ya mutu. In kuma ya mutu, wa zai ce ba shi ya kai shi ba?

Ranar da Yazid ya tashi zaune ya sha kunu, mahaifiyarsa, Hajiya Sadiyya, ta aika a kira Gidaɗo ciki. Tsohuwar malamar makaranta ce, mai kaifin ido. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka mai tsawo. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Ni abin da ban gane ba, ina but ɗin da aka ba ka wurin aiki? Na gan shi a ɗakinka ko sawa ba ka yi ba. Likita ya ce da shi ne a ƙafarka da haƙorin bai shiga ba."

Gidaɗo ya kafa ido a kan siminti.

"Nauyi ya yi mini, Hajiya," in ji Yazid. "Ni na bar shi."

Hajiya ta dubi ɗanta, ta dubi mutumin da ke durƙushe. "Allah Ya kiyaye gaba," ta ce, ta miƙa wa Gidaɗo lemo.

Yazid ya warke, sai dai ƙafar ta bar masa ɗan ɗingishi. Ya samu aka mai da shi ofis, bai sake hawa dutse ba. In sun haɗu yakan rungume Gidaɗo yana kiransa Baba, kuma ba su taɓa tayar da zancen ranar ba.

Gidaɗo ya yi makonni a gida. Ko cikin gari ne, in 'yan acaɓa suka taho a jere sai ya raɓe jikin bango har su wuce. A karon farko Furera ta buɗe baki ta ce ya bar aikin. Ya je shagon simintin da ya taɓa gadi, ya tarar an sa wani. Ya zagaya wurare, wasu su dubi fuskarsa su ce ba su neman mai gadi. Gero ya ƙare a ɗaki, ga 'yan mata na makaranta. Da kaka ta yi ɗan kwangilar ya aiko cewa akwai wani dutse ta gabas, wajen da aka ce da sauƙi, batir ɗinsa ya mutu.

Ya ce zai je. Furera ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Yau ma aikin yake yi. Ranar da ya koma, direban ya tsaya masa a bakin titi, ya shiga gaba ya rufe ƙofa. Suka fita gari, ana ta yankan gero a gonakin gefen hanya. Direban ya tambaye shi ko ya san dutsen da za su.

"Ban taɓa hawansa ba," in ji Gidaɗo. "In mun isa ka tambayar mini mutanen garin, su wa ke kwana a gindinsa."